Yadda Ake Zaɓen Ƙaramin Babur Na Hannu Don Ya Zama Na Biyu A Gida

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, magidanta da yawa a nan Gombe suke lissafin abin da kowace fita take ci, kuma wasu daga cikin masu babban babur sun fara neman ƙarami wanda zai riƙa yin zirga-zirgar cikin gari. Ragin shan mai yana cikin dalilai, amma babban dalilin da na fi gani shi ne, idan maigida ya tafi Kumo ko Dukku ko gona da babur ɗinsa, gida yakan zauna ba abin hawa, ga cefane, ga kai yara Islamiyya, ga rashin lafiyar da ba ta sallama. Na sha raka 'yan uwa da abokan aiki irin wannan saye, kuma ra'ayina a kansa ɗaya ne: babur na biyu ba a zaɓensa da ƙarfi ko da ƙyalli, ana zaɓensa ne da rashin nauyi, da sauƙin samun kayan gyaransa, da kuma tsabtar takardunsa.

Kayan da za ka tanada

Kafin ka je ganin kowane babur, ka haɗa tocila mai haske sosai, da farin tsumma, da sifanar kwance fulogi, da fensir da farar takarda, da igiya mai tsawon kamar mita 3, da hular kwano, da kuma fetur lita 1 a jarka, domin masu sayarwa sukan bar tanki kusan a bushe, sai gwajin hawa ya gagara. Idan kana iya aron mitar auna batir a wurin mai gyaran waya ko mai gyaran janareta, ka ara. Idan ba a samu ba, akwai hanyar gwada batir ba tare da ita ba, kuma zan kawo ta a wurinta. Fitilar waya tana maye gurbin tocila.

Abin da ya fi dukkan waɗannan muhimmanci shi ne bakaniken da kai ka ɗauko, wanda shi ne zai riƙa gyara babur ɗin nan gaba. Kada ka dogara da bakaniken da dillali ya nuna maka, ko da mutumin kirki ne, saboda cin abincinsa yana tare da dillalin. Ka biya naka kuɗin yininsa tun kafin ku fita, ko an saya ko ba a saya ba, don kada ya ji cewa ladansa ya rataya a kan a yi ciniki.

Mataki na 1: Fayyace aikin da babur ɗin zai yi

Ka zauna ka amsa wa kanka tambayoyi uku: wa zai riƙa hawansa, ina zai riƙa zuwa, me zai riƙa ɗauka. Idan ɗanka ne ko ƙaninka da ya isa tuƙi zai riƙa kai saƙo tsakanin Pantami, Jekadafari da babbar kasuwa, ko kuma dattijo ne a gidan wanda ƙafarsa ba ta jure ɗaga babur mai nauyi, to inji mai ƙarfin cc 100 zuwa 110 ya wadatar. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mutum ya sayi na biyu irin na farko sak, wai don ya saba da shi, sai ya wayi gari da babura biyu masu aiki ɗaya, alhali wanda aka saya dominsa ya kasa juya shi a soro. Buhun masara daga gona da tafiyar Bajoga aikin babba ne, ka bar masa su.

Gwajin nauyi mai sauƙi ne. Wanda zai fi hawan babur ɗin ya je da kai, ya zauna a kai ya dafa ƙafafunsa biyu a ƙasa, ya ɗora shi a kan jak da kansa, sannan ya tura shi baya a cikin yashi. Idan ya yi waɗannan ba tare da nishi ba, nauyin ya yi daidai.

Mataki na 2: Zaɓi iri, amma ka fara daga shagon kayan gyara

Ƙananan baburan da ake samu a hannu a wannan yanki sun kasu gida uku ko huɗu. Akwai roba-roba, irin su Lifan, Daylong, Jincheng da Haojue masu inji cc 110, waɗanda ba su da kuloci a hannu, giya huɗu ake takawa da ƙafa, tankinsu kuma bai fi lita 4 ba. Dukkansu sun ɗauko tsari ne daga Honda Super Cub da aka fara ƙerawa a Japan a 1958, shi ya sa kayan injin wani yakan shiga wani, kuma kusan kowane bakanike ya san cikinsu. Akwai Bajaj Boxer da TVS masu cc 100 zuwa sama, waɗanda sun fi ƙarfin jiki amma sun fi tsawo da nauyi. Akwai tsofaffin masu haɗa baƙin mai da fetur, irin Suzuki AX100 da Jincheng da aka kwaikwaya daga gare shi. Ba su da nauyi, gyaransu ba wuya, sai dai sun fi shan mai kuma suna hayaƙi. Sai kuma masu ƙananan tayoyi irin besfa.

Ga mazaunin Gombe, ina ba da shawarar a kauce wa masu ƙananan tayoyi, sai in gidan mutum da wurin aikinsa duk a bakin kwalta suke. Lungunanmu yashi ne, da damina kuma ruwa yana yanka su ya bar ramuka, ƙaramar taya mai inci 10 ko 12 tana nutsewa tana kuma faɗawa kowane rami, alhali tayar roba-roba mai inci 17 tana haye shi. A ganina roba-roba mai lafiya shi ne babur na biyu da ya fi dacewa da yawancin gidaje.

Kafin ka tsayar da iri, ka shiga shaguna biyu ko uku na masu sayar da kayan babura ka tambayi kuɗin fistin da ringi, da kafireto, da sarƙa da haƙoranta, da robobin jiki na irin da kake so. Idan mai shago ya miƙo su daga kan kanta, ka ci gaba. Idan ya ce sai an aika Kano, ka canja ra'ayi tun da wuri, domin babur ɗin da zai yi wata guda a gareji yana jiran ƙaramin abu bai cika dalilin sayensa ba.

Mataki na 3: Raba kuɗinka

Kada ka kai duk abin da ke hannunka wurin ciniki. Ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar don sabis na farko, da taya ko batir idan sun buƙaci canji, da canjin sunan mai shi a takardu, da la'adar dillali. Ka kuma tambayi kuɗin sabon irinsa a kanti a wannan makon, saboda farashi yana motsi da canjin dala. Idan na hannun da gyaransa sun kusa kai kuɗin sabo, gara ka ƙara haƙuri ka tara.

Mataki na 4: Takardu da lambobi kafin ka saurari inji

Wannan shi ne matakin da ba na yarda a tsallake. Satar babura ta yi yawa, kuma wanda aka kama da babur ɗin sata a hannunsa shi ne zai fara amsa tambayoyi a ofishin 'yan sanda, ko da ya saya da zuciya ɗaya. Injin da ya lalace ana gyara shi da kuɗi, amma babur ɗin sata kuɗin da babur ɗin duka za ka rasa, ga zubar mutunci a unguwa.

Ka nemi rasit na asali daga kantin da aka fara sayensa, da takardun rajista idan an yi masa lamba, da rasit ko yarjejeniyar kowane hannu da ya bi kafin ya zo ga mai sayarwa na yanzu. Sannan ka je jikin babur ɗin da kanka. Lambar ƙashin babur, wadda ake kira lambar casis, yawanci tana wuyansa ne, wato bututun da kai yake juyawa a ciki; a wasu roba-roba kuma tana ƙarƙashin kujera ko bayan wata 'yar roba. Lambar inji tana jikin injin daga ƙasa, galibi ta hagu kusa da giya. Ka goge wurin da tsumma, ka haska da tocila daga gefe, sannan ka bi haruffan da ɗan yatsa. Lambar kamfani zurfinta ɗaya ne, jerinta a miƙe yake, ƙarfen da ke kewaye da ita kuma sumul yake. Idan ka ga wurin ya ɗan lotsa fiye da kewayensa, ko akwai sawun goge ƙarfe, ko wani harafi ya karkace ya fi 'yan uwansa zurfi, ko sabon fenti ya rufe wurin shi kaɗai, to an taɓa lambar. Ka yi sallama cikin mutunci ka tafi, kada ka tsaya jin bayani. Idan lambar tana da wuyar karantawa saboda tsatsa, ɗora farar takarda a kai ka goga fensir, za ta fito. Ka kwatanta ta da ta rasit harafi bayan harafi, ba farko da ƙarshe kaɗai ba.

Sau da yawa za a ce maka rasit ya ɓata, kuma wani lokaci gaskiya ne. A irin wannan hali kada ka saya sai mai babur ya kawo takardar rantsuwa daga kotu da rahoton 'yan sanda, ya kuma yarda ka je har ƙofar gidansa, mai unguwarsa ko shugaban dillalan wurin ya shaida cewa an san shi da babur ɗin. Idan lambar inji ta saba da ta rasit saboda an canja inji, a kawo rasit ɗin injin da aka sa. Wanda yake gaggawa, ya karya farashi ƙwarai, ya kuma fi son ku haɗu a bakin titi da magariba, ya riga ya ba ka amsa.

Mataki na 5: Duba jiki kafin a tayar

Ɗora babur a kan jak a wuri mai haske, ka tsaya ta baya ka dubi tayoyin biyu ko suna kan layi ɗaya. Idan idonka bai gamsu ba, ja igiyar nan ta gefen tayar baya zuwa ta gaba; idan kan babur yana miƙe amma tayar gaba ta kauce gefe guda, ƙashin ya lanƙwashe, alamar ya taɓa yin mummunan haɗari. Ka haska wuyan babur da ƙarƙashin kujera ka nemi sawun walda. A roba-roba wannan yana buƙatar a kwance roba ɗaya ko biyu, kuma ka nemi a kwance, domin sababbin robobi masu sheƙi a kan tsohon inji sukan ɓoye abin da aka yi wa ƙarfen ciki.

Bakanike ya danne baya don tayar gaba ta tashi, kai kuma ka juya kan babur hagu da dama a hankali. Ya kamata ya tafi sumul. Idan yana maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya ci. Ka kama kowace taya ka girgiza ta gefe da gefe, ka juya ta ka ga ko rim yana rawa, ka bi wayoyin taya ka ji ko akwai masu sako-sako. Ka danna gaba da baya ka ga ko shokozoba tana dawowa a hankali, ka kuma duba ko mai yana tsatsa daga ƙafafun gaba. A gefen taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin ƙera ta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Tayar da ta haura shekara biyar ko ta fara tsattsagewa a gefe, ka sa kuɗin sabuwa a lissafi ko da zanenta bai goge ba.

Sarƙa ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar faɗin yatsu biyu. Idan haƙoran da take hawa sun yi tsini sun karkata, ko an ja tayar baya har ƙarshen wurin ɗaurewa, duka saitin sai canji. Ka buɗe tanki ka haska ciki saboda tsatsa.

Mitar tafiya ba abin dogaro ba ce, don yawanci wayarta ta daɗe da tsinkewa. Jikin babur ya fi faɗin gaskiya: robar wurin taka ƙafa da ta goge har ƙarfe ya fito, kujerar da aka ƙara wa tsawo, kariyar ɗora kaya da aka yi wa ƙarin ƙarfe da walda, shokozobar baya da aka ninka, duk alamun acaba ne ko dakon kaya. Irin wannan babur ya yi aikin shekaru da yawa a cikin 'yan kaɗan, kuma kuɗinsa ya kamata ya nuna hakan.

Mataki na 6: Ji inji a sanyaye

Ka sa lokaci da safe, ka kuma roƙi mai babur tun jiya: “Alhaji, don Allah a bar shi kada a tayar sai na zo.” Da ka isa, ka taɓa injin da bayan hannu. Idan da ɗumi, an riga an tayar da shi, kuma inji mai ɗumi yana ɓoye wahalar tashi da ƙarar da ke fitowa da sanyi; ka ce za ka dawo gobe.

Kafin a tayar, zaro ma'aunin baƙin mai ka goga a farin tsumma. Mai baƙi ƙirin yana nuna sakaci da sabis, mai ɗauke da ƙyalƙyalin garin ƙarfe yana nuna inji yana cin kansa, mai kauri sosai da yake jan zare tsakanin yatsu kuwa wata dabara ce ta rufe bakin injin da ke ƙara. Kwance fulogi ka dubi bakinsa: ruwan ƙasa-ƙasa a bushe shi ne lafiya, baƙi mai toka yana nufin fetur ya yi yawa, wanda gyaran kafireto ne kawai, amma baƙi mai danshin mai yana nufin ringi ya gaji. Idan fulogin sabo ne fil, ka sake kwance shi bayan gwajin hawa.

Taka kik da ƙafarka a hankali ka ji ko yana turjewa. Kik ɗin da ke sauka ba tare da wata turjiya ba, injinsa ya rasa matsi. Babur mai lafiya yana tashi a taku ɗaya zuwa uku, ya kuma tsaya da kansa ba sai an riƙe masa wuta ba. Ka koma bayan salansa a ba shi wuta kaɗan. A injin da ba a haɗa masa mai da fetur, shuɗin hayaƙi yana nufin yana ƙona baƙin mai. A irin AX100 kuwa ɗan shuɗin hayaƙi ɗabi'arsa ce. 'Yar ƙara siririya daga saman inji yawanci saitin bawul ne, abu mai sauƙi, amma bugu mai nauyi daga ƙasa wanda yake ƙaruwa da wuta yana nufin sai an buɗe inji gaba ɗaya, kuma ba na ba mai neman babur na biyu shawarar ya shiga wannan.

Batir mai kyau yana nuna wajen volt 12.5 idan inji a kashe yake, ya haura 13.5 idan an ba shi wuta. Idan ba mita, kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, ka danna oda tare da kunna sigina. Idan oda ta shaƙe, batir ya yi rauni. Ka tabbatar kik da sitata duka suna aiki, amma kik ya fi muhimmanci, saboda babur ɗin da yake yawan zama batirinsa yakan sauka.

Mataki na 7: Gwajin hawa

Zagaye ɗaya a fili bai isa ba. Ka bar katin shaidarka ko babban babur ɗinka a wurin mai shi, ka sa hular kwano, ka yi tafiyar kamar minti 15 da ta haɗa kwalta da yashi da hawa. Gombe a cikin kwari take, don haka hawa ba ya wuyar samu. Ka goya bakaniken a baya ku hau tudu. Idan inji yana ihu amma gudu ba ya ƙaruwa, kuloci yana zamewa. Ka bi giya duka sama da ƙasa, ka lura ko wata tana fita da kanta. A wuri marar cunkoso ka sassauta riƙon kai kaɗan ka ji ko babur yana jan gefe guda, sannan ka gwada birkin gaba da na baya ɗaya bayan ɗaya. Da kun dawo, ka kashe shi, ka sake tayarwa da zafinsa, ka bar shi a tsaye minti biyar, sannan ka duba ƙasa da jikin inji ko mai ya ɗiga.

Mataki na 8: Ciniki da yarjejeniya

Ka rubuta duk abin da ka gani yana buƙatar canji tare da kuɗinsa kamar yadda mai shago ya gaya maka, sai ka yi tayi da wannan lissafi a hannu ba tare da kushe kayan mutum ba. Idan da dillali, a yanke la'adarsa da wanda zai biya ta kafin a sallama. Kada ka ba da kafin alƙalami mai yawa a kan babur ɗin da ba a kawo takardunsa ba tukuna.

Idan an sallama, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da sunayen mai saye da mai sayarwa da adireshinsu, da irin babur da launinsa, da lambar casis da ta inji da ta rajista, da kuɗin da aka biya da ranar, sannan shaidu biyu daga kowane ɓangare su sa hannu. Ka karɓi kwafin katin shaidar mai sayarwa, ka ɗauki hotonsa tare da babur ɗin, kuma in da hali ka biya ta banki don a sami shaida. Bayan haka ka je ofishin lasisin ababen hawa na hukumar tara kuɗin shiga ta jiha a mayar da takardu sunanka, ka yi inshora, wanda zai riƙa hawa kuma ya mallaki lasisin tuƙin babur, wato rukunin A.

Mataki na 9: Makon farko

Ko mai sayarwa ya rantse jiya ya yi juye, ka sake baƙin mai, ka wanke ko ka canja matacin iska wanda ƙurar hunturu take toshewa, a wanke kafireto, a saita bawul da birki, a sa wa sarƙa mai. Ka canja makulli ko ka ƙara kwaɗo mai ƙarfi, tun da ba ka san adadin makullan da ke hannun mutane ba. Idan babur ɗin zai riƙa yin kwanaki ba a hau ba, a rufe makunnin fetur duk lokacin da aka ajiye shi, a ɗora shi a kan jak a inuwa don robobi da tayoyi kada rana ta cinye su, sannan a tayar da shi aƙalla sau ɗaya a mako a yi ɗan zagaye da shi har inji ya yi zafi, domin batir ya sami caji, fetur kuma kada ya daskare a cikin kafireto.